Gwiwar da Ba Ta San Ƙasa Ba

Mutumin da ya yi alkawarin tarya ta a filin jirgin Mantireyal bai zo ba. Na tsaya bakin ƙofar fita da jakata tun hantsi har la'asar, duk baƙin mutumin da ya shigo sai in miƙe in gyara riga. Na kira lambarsa har batirin wayata ya kusa mutuwa, daga baya ma aka kashe tasa wayar gaba ɗaya. Shi ne ya haɗa mini takardu tun ina Dogon Dutsi, ya ce akwai gonar kaji a ƙasar Kanada tana jirana, da ɗaki da gado da bargo. Da na lallaɓa na kai kaina gonar bayan kwana biyu, wani tsohon Bature ya fito da karensa, ya karanta takardar har ƙasa, ya girgiza kai. Ya ce ya daɗe da sayar da kajinsa, kuma ba ni ne na fari da ya zo masa da irin wannan takarda ba. Ya shigar da ni kicin ɗinsa ya ba ni shayi da burodi, sannan ya mai da ni tasha a motarsa. 

Sunana Nomau. Ƙauyenmu yana kusa da Ɗan Kassari, can cikin Arewa. Noma na gada, gero da wake, amma abin da aka san ni da shi kokawa ce. Daga kakar da na fara ɗaura walki har na ajiye shi, na yi kokawa a Tibiri, na yi a Dutsi, na yi a ƙauyukan da ke bayan Lugu, ba a taɓa kayar da ni ba. An yi canjaras da ni, wannan ban musa ba, kuma ban kai ga manyan filaye na ƙasa ba. Amma a wajenmu in gwiwarka ta taɓa ƙasa an gama da kai, tawa kuwa ba ta taɓa ba. Har kirari makaɗa suka yi mini da haka: Nomau mai gwiwar da ba ta san ƙasa ba. In gaya muku gaskiya, kirarin ya shiga kaina. Ko a gona in zan tsinci wani abu sai dai in sunkuya ko in tsuguna. Salla kaɗai ke kai gwiwata ƙasa, kuma ina jin daɗin faɗin haka a gaban mutane.

Sai dai kirarin bai taɓa cika mini rumbu ba. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Gida biyu ke ci daga hannuna, nawa da na Kawu Tankari, wan mahaifiyata, wanda ya koya mini kokawa kuma ya ba ni ɗiyarsa Mariyama. Idonsa ya yi rauni, ba ya iya noma, kuma ba shi da ɗa namiji. Abin da ya fitar da ni daga gida ke nan.

Wata uku na yi a Mantireyal, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, mu shida. Tagar ɗakin tana daidai da titi, abin da muke gani kawai ƙafafun masu wucewa. A cikinmu akwai wani Bafillace ɗan ƙasarmu, Sambo. Da ya ji ni Ba'are ne sai ya samu abin yi, don tsakanin Arawa da Filani ba a rasa tsokana.

"Ba'are," in ji shi, "ka baro fura ka zo shan ƙanƙara? To sha, ga ta nan kyauta har bakin ƙofa."

Shi ne kuma ya ba ni rigar sanyinsa ta biyu, ya ja ni zuwa wani ofis da ke taimakon baƙin da aka yaudara. Matar da ke wurin ta saurari labarina, ta yi ta rubuce-rubuce da buge-bugen waya har aka ba ni izinin aiki na shekara guda. Ranar da ta miƙa mini takardar ta yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai magana da kurma. In shekarar ta cika ban samu aikin dindindin da wani zai sa mini hannu a kai ba, sai gida. Ta ce in bar babban birni in yi arewa, ƙananan garuruwa sun fi neman hannu.

Na yini a cikin bas, ba abin da nake gani sai itatuwa da farin dusar ƙanƙara. Garin da na sauka ƙarami ne, a bakin wani tafki da ya daskare har motoci suna bi ta kansa. Coci ɗaya, kantuna biyu, sai wani ƙaton gini mai rufin kwano wanda ya fi cocin samun jama'a. Shi suke kira patinwar, filin ƙanƙara na cikin gida inda ake wasan hoki. Meri, wato hukumar garin, ta ɗauke ni aikin wucin gadi a wurin: share ɗakunan canza kaya, wanke bayi, kwashe shara.

Ranar farko na jingina da tsintsiyata ina kallon wasan. Mutum shida nan, shida can, kowa da takalmi mai wuƙar ƙarfe a ƙasa, da sanda mai lanƙwasasshen baki, suna bin wani baƙin faifan roba da bai fi tafin hannu ba, kowane ɓangare na son jefa shi a ragar ɗaya. Gudun da suke yi ya ba ni tsoro. Na ce a raina waɗannan mutane ba su da aikin yi.

Kewar gida ta ci ni a garin nan. Faransancin da na koya a lakwal, wato makaranta, bai yi mini amfani ba sai da kunnena ya saba, don nasu kamar suna magana da tuwo mai zafi a baki. Rana tana faɗuwa tun kafin mutum ya gama la'asar da kyau. Shinkafa da kifin gwangwani nake ci har na daina jin ɗanɗanonsu. Mariyama takan aiko mini da saƙon murya, ni kuwa in saurara sau biyar, sau ɗaya don maganarta, sauran don carar zakara da ƙarar taɓarya da ke bayanta.

Kowace safiya tsofaffin garin ke fara shiga fili, waɗanda suka ajiye aiki, ƙaraminsu ya haura sittin. Suna wasansu a hankali, suna zagin juna suna dariya. A cikinsu akwai Misye Rejan, tsohon mai saran itace, mutum ne kamar rumbu. Wata safiya, bayan sanyi ya wuce ya sake zagayowa, ya faɗi a tsakiyar fili ya kasa tashi. Bai karye ba, nauyi ne da tsufa. Abokansa biyu suka kama hannuwansa, ƙafafunsu suka zame, suka zube a kansa. Ni ina tsaye a bakin ƙofar filin da bokiti, taku goma tsakanina da shi, na san ni kaɗai zan iya ɗaga shi, amma ba ni da ƙafar shiga. A ƙarshe jan sa suka yi a ƙasa kamar buhun gero har bakin katanga. Na ga fuskarsa lokacin da ake jan sa, na ji kunya kamar ni na kayar da shi.

Bayan wannan ne meri ta yanke shawarar ɗaukar mutum ɗaya na dindindin wanda zai riƙa zama a kan ƙanƙarar duk lokacin wasa, ya gyara raguna, ya busa usur, ya taimaki wanda ya faɗi. Aka manna sanarwa a bango. Za a yi gwaji ƙarshen sanyi, mako kaɗan kafin takardata ta mutu. Na karanta sau uku, na je na ƙwanƙwasa ƙofar shef, shugaban aikinmu, na ce a rubuta sunana.

"Nomau, ka taɓa taka ƙanƙara da paten?" ya tambaye ni. Paten shi ne takalmin mai wuƙa.

"Ban taɓa ba, Misye. Amma zan taka."

Ya dube ni, ya dubi silin, ya rubuta.

Takalmin farko a hannun wani mutum na saya, wanda na gani a talla cikin waya. Muka haɗu a wajen ajiye motoci, ya buɗe but ɗin motarsa ya fito da su. Na ce sun yi mini yawa, ya ce ai haka ake so, don a sa safa uku saboda sanyi. Na kai su wajen Madam Lisat, tsohuwar da ke wasa wuƙaƙen takalma a wani ɗan shago cikin patinwar ɗin. Ta kusa saba'in, gajeriya, ba ta dariya sai da dalili. Ta juya takalman, ta shafa wuƙar da babban yatsa, ta nuna mini inda ɗaya ta tsage. Ta jefa su a kwandon sharar da ni ne zan kwashe.

"Ɓarawo ne ya sayar maka," in ji ta. "Paten kama ƙafa yake yi kamar fata. Zo gobe da tsakar rana, lokacin ba kowa a fili."

Washegari ta zo da wasu baƙaƙen takalma a cikin jaka, sun tsufa amma an kula da su. Na mijinta ne da ya rasu. Suka zauna mini cif. Ta ce tun tana yarinya take wasan hoki, lokacin da sai ta cusa gashinta a hula kafin maza su yarda ta shiga. Ta ɗaure mini igiyar da kanta, ta ja har na ji jini ya tsaya.

Na shiga fili ina dafe da katanga. Ban faɗi ba. Rana ta biyu ban faɗi ba. Mako uku cur ina shiga kullum, ban faɗi ko sau ɗaya ba, kuma ina ta jin daɗin kaina. Ashe nan matsalar take. Tafiya nake yi a miƙe ƙiƙam, taku ƙanana-ƙanana, yatsun ƙafata a dunƙule cikin takalmi suna neman rairayin da za su kama. Madam Lisat tana zagaya ni, hannu a baya, tana faɗa.

"Lanƙwasa gwiwa! Tura gefe, ba baya ba! Ɗaga kai, ƙanƙarar ba za ta gudu ba!"

Ta cire takalminta ta nuna mini ƙasan wuƙar. Ashe baki biyu gare ta, na ciki da na waje, da ɗan kwari a tsakani. Ta ce duk sirrin yana nan. Mai son gudu sai ya kwantar da jikinsa a kan baki ɗaya ya tura, mai son juyawa sai ya jingina da ɗayan. Na gane maganar sarai. Amma kwantar da jiki gefe, a wajen ɗan kokawa, ba da kai ne. Duk lokacin da na fara karkata sai jikina ya fizge kansa ya miƙe tun kafin in yi shawara da shi.

"Darasin farko da ake koya wa ɗan shekara uku faɗuwa ne," in ji ta wata rana. "Faɗi in gani."

"Ba zan faɗi ba, Madam."

"Ban tambaye ka ra'ayinka ba. Sa gwiwa ƙasa ka tashi."

"Ki nemi wani abu dabam, zan yi."

Ta zaro takardar gwajin daga aljihu ta karanta mini. A je layin can da gudu a tsaya. A dawo da baya. A zagaye da'ira ana haɗe ƙafa kan ƙafa. A sauka kan gwiwa a tashi. A ɗaga wanda ya faɗi. Na tambaye ta ko za a iya yafe wa mutum na gwiwar in ya yi sauran da kyau. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ninke takardar, ta ce lokacin cin abincinta take ba ni kuma ba ta da lokacin ɓatawa. Ta fita ta bar ni a tsakiyar fili. Kwana uku ba ta ko amsa gaisuwata da kyau.

A ɗakin ajiye kaya nake salla, tsakanin raguna da buhunan faifan roba. Rana ta huɗu ina azahar na ji an buɗe ƙofa. Da na sallame na ga Madam Lisat tsaye, ta zo ɗaukar igiyoyin takalmi, ta jira har na gama.

"Sau nawa kake yin wannan a rana?"

Na gaya mata.

"Ka sauka kan gwiwa biyu, ka tashi tsaye ba ka dafa komai ba. Ina da ƴan wasan da suka shekara suna koyon haka."

"Wannan ta Allah ce, Madam. Ba a haɗawa."

"Ban ce ka haɗa ba. Cewa na yi ƙafarka ta iya. Kanka ne ya ƙi, kuma ina son in san dalili."

Na zauna a kan dardumata na ba ta labarin kokawa, da rairayi, da makaɗa, da kirarina, na fassara mata shi gwargwadon iyawata. Na zaci za ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta ce ta gane, mijinta ma ya mutu bai taɓa yarda an ɗauke shi daga fili a kan gadon ɗaukar marasa lafiya ba, ko ranar da ya karye. Sannan ta ɗauki igiyoyinta ta ce saura mako bakwai, in zaɓa tsakanin kirarin da takardar.

Ranar Lahadi da safe na kira gida, can rana ta riga ta karkata. Na ce wa Mariyama ta kai wa Kawu wayar. Na ji takunta, na ji sallamarta, na ji ya gyara zama a kan tabarma. Bayan gaisuwa na yi masa bayanin komai, ina ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure. Da ya gane inda na dosa sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Nomau, kai dai ba ka da tuni," in ji shi. "Ka mance hwadamar bayan rumbuna? Kullum da sahe sai na kada ka sau goma kahin ka sha hura. Ka ci rairai har shina hito ma ta hanci. Shekara ukku muna haka."

"Wannan ai koyo ne, Kawu. Ba a fili ba ne."

"To can ɗin hilin wa na? Akwai makaɗi? Akwai wanda ya kama ka? Kai kaɗai kake kokawa da ruwan da ya daskare, kuma kana tsoron shi kada ka."

Kafin in amsa ya ci gaba.

"Bari in hwaɗa ma abin da ban taɓa hwaɗi ba. Kirarin ga da kake taƙama da shi, ni na ba makaɗi zakara guda ya haɗa ma shi, tun kahin karawarka ta hwarko. Don yaran Tibiri su ji tsoro na yi. Ban san kai za ka hi su jin tsoronshi ba."

 Shekara da shekaru ina ɗauke da wannan kirari kamar wahayi aka yi mini, ashe kuɗinsa zakara. Na ji haushi, na ji kunya, kuma can ƙasan zuciyata na ji wani nauyi ya sauka. Mariyama ta karɓi wayar.

"Baban Zali," in ji ta, "gwiwa dai taka ta, ba ni da ta cewa. Amma hatsin rumbu ba shi kai mu damina. In ka aza ta ƙasa can, nan ba mai gani. In ka dawo hannu wohi, kowa na gani."

Ran Litinin ban jira tsakar rana ba. Tsofaffin suna cikin wasansu na ɗaura takalmi, na shiga da ɗan takuna na agwagwa har tsakiyar fili. Suka tsaya suna kallona. Madam Lisat ta leƙo daga shagonta. Na yi bisimilla na saki gwiwoyina duka biyu.

Sanyi ya ratsa wandona. Shi ke nan abin da ya faru. Rufin bai faɗo ba, ba wanda ya yi guɗa, ba wanda ya yi ihu. Na kafa ƙafa ɗaya na tashi, na sake sauka, na sake tashi. Sai na ji wata ƙara ta cika ginin. Tsofaffin ne ke buga sandunansu a kan ƙanƙara, haka suke yi wa mutum tafi. Misye Rejan ya fi kowa bugawa, ko da yake bai san abin da ake yi wa murna ba.

Daga ranar na fara faɗuwa ba ji ba gani. Suka tara mini tsofaffin kayan kariya, wannan ya kawo na gwiwa, wancan hular kwano, wani wandon soso. Na faɗi ta gaba, na faɗi ta baya, na faɗi a wurin da ba dalilin faɗuwa. Kwankwasona ya yi baƙi, kwana biyu a zaune na yi salla. Amma da tsoron ya tafi sai gwiwar ta yarda ta lanƙwashe, kuma ran da na sauka ƙasa sosai na ji jikina ya gane wurin. Ai tsayuwar kokawa ce! Ƙugu ƙasa, ƙirji sama, ƙafafu a buɗe, ido a kan mutumin da ke gabanka. Abin da Madam Lisat ta yi mako uku tana faɗa mini da faransanci, Kawu ya riga ya dasa mini shi da duka.

Sauran kuwa sai da na sha wuya. Ta koya mini in tura da bakin ciki zuwa gefe har ƙafar ta miƙe sarai, in dawo da ita ƙarƙashina kafin in tura ɗayar. Ta sa ni zamewa a kan ƙafa ɗaya daga wannan layi zuwa wancan, tana ƙirga da ƙarfi. Ta ce in saki yatsuna, ba abin da za su kama. Tsayawa ta fi komai ba ni wahala, don sai mutum ya juya ƙafafu biyu gefe lokaci guda ya kankare ƙanƙarar da su. Ta dama ta zo cikin mako biyu. Ta hagu ta ce ba ta san zancen ba, duk na gwada sai in yi juyi kamar ɗan bori in zube. Tafiya da baya kuwa, wai mutum ya riƙa zana rabin da'ira da kowace ƙafa yana zaune a kan kujerar da babu ita.

Na mai da komai wajen koyo. In ina goge dogon baranda sai in tsuguna in riƙa tura ƙafa gefe da gefe tare da abin gugar. A ɗakina ina tsalle daga ƙafa zuwa ƙafa da safa har maƙwabcin ƙasa ya buga mini silin da sanda. Tsofaffin suka ba ni sanda suka sa ni a baya, mai tsaron gida. Ban taɓa jefa faifan a raga ba, sau da yawa ma ta ƙarƙashin sandata yake wucewa ina kallo. Amma bin sa ya sa na manta da ƙafafuna, kuma ran da na manta da su ne suka fara aiki. Misye Rejan ya sa mini suna Tarakta, wai ba na sauri amma ba a ture ni.

Ranar gwaji mu uku ne. Sauran biyun samari ne ƴan garin, waɗanda kusan a kan ƙanƙara aka yanke musu cibi. Shef yana tsaye da wata mata daga meri, kowa da takarda. Tsofaffin suka jeru a benci. Madam Lisat tana bakin shagonta tana goge abin da ba ya bukatar guga.

Samarin suka tashi kamar tsuntsaye. Kafin in kai layin farko sun je sun dawo. Na tsaya ta dama lafiya, ta hagu na yi tangal-tangal amma na tsaya. A tafiya da baya wuƙata ta shiga wani rami, na faɗi warwas, hular kwanona ta buga ƙasa. Na ji matar meri ta ja numfashi. Na mirgina, na sa gwiwa, na tashi, na ƙarasa. Na zagaye da'irar a hankali, ƙafa kan ƙafa. Na san in a nan aka tsaya, na gama yawo a ƙasar nan.

Saura na ƙarshe. Shef ya ce ana son wanda zai kwanta kamar ya faɗi. Misye Rejan ya miƙe tun kafin a rufe baki. Ya shigo da cikakkun kayan wasansa, ya kwanta a daidai wurin da ya faɗi kwanakin baya, ya saki jiki gaba ɗaya.

Saurayi na farko ya zo da gudu, ya tsaya tsaf, ya kama hannunsa yana tsaye ya ja. Ƙafafunsa suka shige ƙarƙashin tsohon, ya zauna daɓas. Na biyu ya fi wayo, ya zagaya ta baya ya kama hammata, ya samu ya zaunar da shi. Daga nan abin ya ƙi gaba. Ya yi ta nishi, wuƙaƙensa suna zamewa, a ƙarshe ya fara jan sa zuwa katanga. Na ga fuskar Misye Rejan ta koma irin ta ranar nan.

Aka kira sunana. Na tafi a hankali, na tsaya ta dama dab da shi. Na sa gwiwar hagu a kan ƙanƙara, na kafa wuƙar dama da bakinta na ciki har na ji ta ciji. Na tambaye shi ko akwai inda ke ciwo, ya ce babu sai zuciya. Na zaunar da shi, na ɗora hannunsa a wuyana, na cusa nawa na kama ɗamarar wandonsa ta baya, irin kamun da Kawu ya koya mini tun ban fara gemu ba. Na shigar da ƙuguna ƙarƙashin nauyinsa. Na ce masa ya kafa ƙafa ɗaya kawai, sauran nawa ne. Muka tashi tare.

A wajenmu in ka kayar da mutum ba ka barin sa a ƙasa. Kai za ka ɗaga shi, ka kaɗe masa rairayin baya, ka raka shi wajen mutanensa. Na yi haka sau da yawa a rayuwata, shi ya sa ban san lokacin da hannuna ya fara kaɗe wa Misye Rejan farin garin ƙanƙarar da ke bayansa ba. Na riƙe shi har benci. Ya matse mini wuya har na ji zafi. Sandunan suka fara bugawa.

Bayan kwana biyu ina wanke bayi shef ya leƙo ya ce in ajiye bokitin in zo ofis. A kan teburinsa akwai takarda mai hatimin meri da usur sabo da igiyarsa. Ya ce samarin sun fi ni ƙafa nesa ba kusa ba, kuma tsayawata ta hagu abin tausayi ce, sai na ci gaba da zuwa wajen Madam Lisat. Amma su mai ɗaga mutum suke nema. Na sa hannu.

Na fita waje cikin sanyi na kira gida. Mariyama ta ji muryata kawai ta fara hamdala, ta ruga da wayar wajen mahaifinta.

"Ka hwaɗi?" Abin da Kawu ya fara tambaya ke nan.

"Na faɗi, Kawu, a gaban mutane. Sau ɗaya ƙanƙara ta kayar da ni. Sauran ni na sa gwiwar da kaina."

"Aikin hwa?"

"An ba ni."

 Sai na ji yana jan hanci, shi da ban taɓa ganin hawayensa ba. Ya gyara murya.

"To madalla," in ji shi. "Makaɗin nan shina nan da rai, gobe in aika a kira shi shi gyara kirarin. Amma wannan karon zakaran kai ka saye."